Tsohuwar mota, sabon inji: Musun da ya raba kan samarin Sakkwato

Idan kana cikin masu kwana a TikTok ko Instagram, da wuya ka ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: an jawo tsohuwar Dodge Charger ko Ford Mustang duk ta yi tsatsa, an kwance ta kaf, bayan 'yan watanni sai ga ta tana ƙyalli, salansa na ruri kamar hadarin Agusta. A majalisun samari daga Mabera har Runjin Sambo, bidiyo ɗaya ya isa ya ta da musun da ba zai ƙare ba sai mai shayi ya tashi.

Amurkawa ne suka yi yayin waɗannan motoci. Ana danganta farkon yayin da Pontiac GTO ta 1964, inda aka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas, wato V8, aka cusa a mota matsakaiciya. Tsadar mai ta 1973 da dokokin rage hayaƙi suka karya kasuwarsu. Mu kuwa yawancinmu a fim muka san su, musamman baƙar Charger ta 1970 da Vin Diesel ya tuƙa a The Fast and the Furious na 2001.

To, ina musun yake? Kashi uku ne.

Akwai 'yan asali. Su a wurinsu, duk wanda ya cire injin da mota ta zo da shi ya kashe ta, fenti kawai ya rage. Akwai 'yan zamani, masu ganin a bar jikin da, amma a sa sabon inji, sabon burki da na'urar sanyi. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tsohon lagireto zai tafasa tun ba ka kai shatale-talen Gidan Dare ba. Sai kuma 'yan lissafi, waɗanda tambayarsu ɗaya ce: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wa zai iya shayar da silinda takwas?

Amma fa duk wannan cacar baki a kan motar da ke cikin waya ake yin ta. Tamu ta gaske tana nan kwance a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, awaki na hawa. Peugeot 504 ce ta baba, irin wadda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya riƙa haɗawa. Ko Mercedes ɗin nan da muke kira V-boot. Kullum masu sayen tsofaffin ƙarafa na zagayawa, kuma wadda aka sassare ta tafi ke nan.

Kanikawanmu sun daɗe da iya dasa injin wata mota a jikin wata. Inda gizo ke saƙar shi ne a ƙara wa mota ƙarfi a bar ta da burkin shekara arba'in da taya ta gwanjo, sannan a fita da ita wasan ganganci ranar ɗaurin aure. Wannan ba burgewa ba ce, wasa da rai ne, naka da na yaran da ke kallo a bakin titi. Mai hankali da burki yake farawa, inji ya biyo baya.

Kuma kar wani ya ce son mota shiririta ce. Jelani Aliyu, ɗan jihar nan da ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya yi karatun zanen mota a Detroit, ya shiga General Motors. Yana cikin waɗanda suka zana Pontiac G6, ƙanwar GTO ɗin can a gida ɗaya, kuma shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Yana shugabantar hukumar NADDC aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021.

Saboda haka kafin ka sake rantsuwa a kan Charger ɗin wani Ba'amurke, leƙa bayan gidanku. Idan baba ya miƙo maka makullin 504 yau, injinta za ka raya, ko sabo za ka dasa?