Rediyon da Ake Gani da Ido

Mu da muka tashi muka tarar da iyayenmu da akwatin rediyo a kafaɗa mun san yadda ake neman tasha: a ja eriya, a murɗa a hankali, a karkata kai, har muryar BBC ko ta Jamus ta ɓullo daga cikin shuuu. Kunne ne kaɗai ɗan jagora. Yau akwai wani ɗan abu da bai fi filashi girma ba, wanda za ka soka a kwamfuta ka ga tashoshin tsaitsaye a allo, kowace da tsininta, mai ƙarfi ta yi tsawo, mai rauni ta ɗan leƙo. Ana kiransa SDR, wato rediyon da manhaja ke sarrafawa. Gani ya kori ji ke nan.

A rediyo na gargajiya, kayan cikinsa ne ke tace tasha su fitar da murya, kuma abin da aka ƙera shi don shi kaɗai yake yi. Shi kuwa wannan, aikinsa ya ɗebo wani yanki na abin da ke yawo a iska, ya mayar da shi lambobi sau miliyan biyu da ɗoriya a kowace daƙiƙa, ya miƙa wa kwamfuta. Sauran aikin na manhaja ne. Shi ya sa na'ura ɗaya za ta kama FM yanzu, an jima ta kama jirgin sama, gobe tauraron ɗan'adam. Wani injiniya Ba'amurke, Joseph Mitola, shi ya yaɗa tunanin a farkon shekarun 1990, lokacin da abin yake hannun sojoji da masu bincike. Talaka bai samu shiga ba sai a 2012, da masu ƙwaƙwa irin su Antti Palosaari na ƙasar Finlan suka nuna cewa ƴan na'urorin kallon talabijin masu araha, masu ɗauke da guntun RTL2832U na kamfanin Realtek, za su iya wannan aiki. Daga nan sunan RTL-SDR ya fito. Yawancinsu suna kamawa daga megahaz 24 zuwa sama da 1,700.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan waɗanda ke sayen abin, su gwada dare ɗaya, su jefa a durowa suna cewa an cuce su. Jabu akwai shi, ban musa ba. Amma a mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau.

Ni ma haka na fara. Ranar da tawa ta iso, a ɗakina da ke Kubwa, na soka ta, na buɗe manhajar SDR#, na danna, ta ce ba ta ga komai ba. Ashe Windows ta ɗauke ta a matsayin kayan talabijin, ta ɗora mata direban da ba shi ake so ba. Maganin wata ƴar manhaja ce mai suna Zadig: ka buɗe ta, ka sa ta nuna duk abin da ke soke a kwamfutar, ka zaɓi wanda aka rubuta Bulk-In, Interface 0, ka ɗora masa WinUSB. A nan kam a buɗe ido. Wanda ya yi garaje ya zaɓi linzaminsa ko allon rubutunsa, shi zai maye wa direba, ya koma yana neman yadda zai motsa kibiya. Mai Linux kuma sai ya toshe direban talabijin mai suna dvb_usb_rtl28xxu, domin shi ke riga kowa kama na'urar. Wanda ya sayi samfurin V4 da ya fito a 2023 ya tabbata manhajarsa sabuwa ce, don da tsohon direba tashoshi ba sa faɗowa inda ya kamata. Mai wayar Android ma ba a bar shi a baya ba, in yana da kebul ɗin OTG da manhaja irin SDR Touch. Kebul ɗin ba ya wahalar samu a Banex da ke Wuse 2.

Da zarar ta tashi, kada ka fara da neman abin mamaki. Nemi tashar da ka sani. Rubuta 92.9, ka zaɓi WFM, ka ji ko Kapital FM za ta fito, ko 99.5 ta Wazobia, ko 101.1 inda ake shirin Brekete Family. In ka ji shiru, duba ma'aunin ƙarfin zuƙo, wanda aka rubuta wa Gain, domin sau da yawa a sifili yake zuwa. Ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan kana kallon allo. Muddin tsinin tashar yana tashi fiye da ƙasan, ci gaba. Da ka ga ƙasan ma ya fara kumbura, tsaya.

Mazaunin Abuja yana da wata matsala da ɗan ƙauye ba ya da ita: tashoshin sun yi masa kusa, sun kuma yi yawa. Aso Radio tana kan dutsen Katampe, wasu da dama suna zagaye da birnin, duk suna harbawa da ƙarfi. Ita kuwa wannan ƴar na'ura kunnenta ba ya jure ihu. In ka cika mata ƙarfi sai ta ruɗe, ka ga tasha ɗaya a wurare uku, ko ka ji kiɗa a zangon jiragen sama, tsakanin megahaz 118 da 137, inda babu mai sa kiɗa. Inuwar tasha ce kawai. Sabon shiga yakan ƙara ƙarfi in bai ji da kyau ba, alhali ragewa ake yi. In ragewar ba ta wadatar ba, akwai ɗan matacin da ake sawa tsakanin eriya da na'ura, mai danne zangon FM baki ɗaya. In kuma murya ce ke yankewa, cire ta daga mahaɗar USB mai baki da yawa, ka soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ka sauke saurin ɗiba zuwa miliyan 2.048 a daƙiƙa.

Sai eriya. Ƴar sandar da ke zuwa cikin kwali ta gwaji ce. Lissafin ba wuya: raba 75 da megahaz ɗin da kake nema, abin da ya fita shi ne tsawon sandar a mita. FM a kusa da 100 tana son santimita 75. Jiragen sama suna sanar da inda suke da tsayin da suka kai a kan 1090, don haka guntuwar wayar tagulla mai kusan santimita 7 ta isa. Ka kafa ta a waje inda take ganin sarari, ka kunna manhajar dump1090, sai ga jiragen da ke sauka filin Nnamdi Azikiwe suna rarrafe a kan taswira. Ranar da na fara ganin haka, yara sun ƙi kwanciya.

Babban abokin gabar mai wannan sha'awa a garin nan kuwa yana cikin gidansa ko na maƙwabcinsa. Na yi makonni ina fama da wasu layuka tsaye, jere kamar haƙoran matsefi, da suka cika mini allo. Na canza kebul, na canza manhaja, na zargi wanda ya sayar mini. Wani dare aka ɗauke wuta, kwamfutar tana kan batirinta, sai allo ya yi fes, tashoshin da ban taɓa gani ba suka fito. Ba a yi minti biyar ba maƙwabcina ya kunna inbata, matsefin ya dawo. Inbata, na'urar cajin sola, ƙwan fitila da cajar waya masu araha, kai har cajar kwamfutar kanta, duk suna fesa ƙara a iska. Hanyar kama ɓarawon ita ce ka kashe komai a gidan, ka riƙa kunnawa ɗaya-ɗaya kana kallo. Na gidanka za ka iya kashe shi ko ka canza shi. Na maƙwabci sai haƙuri da dabara: nisanta eriya da bangonsa, sa doguwar wayar USB don na'urar ta bar jikin kwamfuta, ka maƙala wa wayoyin ɗan zoben nan baƙi da ake gani a wutsiyar wasu cajoji.

Wannan ƙara ta fi yin ɓarna a gajeren zango, wanda shi ne Bahaushe ya fi sabo da shi tun da BBC ta fara Hausa a 1957. Yawancin tashoshin gajeren zango suna ƙasa da megahaz 24, don haka ba kowace na'ura ke saukowa nan ba. Samfurin V3 sai an juya shi zuwa ɗiba kai tsaye ta reshen Q. V4 yana yi da kansa. Ka shimfiɗa waya mai mita 10 zuwa 20 daga taga zuwa bishiya. Da rana nemi zangon mita 16 da 19, da dare ka sauko 31 da 41. A mita 41 ɗin ne, kan kilohaz 7255, aka san Muryar Najeriya, wadda aka buɗe tashar harbawarta ta Lugbe a 2012.

Wani kan tambaya ko za a iya jin hirar wayar mutane da ita. A'a, an kulle wannan da lambobi, kuma ko da ana iyawa haramun ne a doka da addini. RTL-SDR saurare kawai take yi. Masu harbawa irin HackRF One lamarinsu daban, domin zangunan nan suna da masu kula da su: NCC ga kamfanonin sadarwa, NBC ga gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa ta tarayya kuma ga masu rediyon sha'awa, waɗanda lambar kiransu a Najeriya ke farawa da 5N. Harbawa ba lasisi laifi ne, balle a zangon jiragen sama inda rayuka suke. Kuma Abuja gari ne na shingaye: kada ka ɗauki eriya da kwamfuta ka je gindin katangar filin jirgi ko bakin bariki da sunan gwaji. Yi abinka a gida. In damina ta kama kuma ka ga hadari ya haɗo, cire wayar eriyar daga na'ura, ka fitar da bakinta waje kafin a fara walƙiya.