Baƙuwa a Cikin Kirinjijiya

Ga kacici-kacici daga fadamar Burkusuma, can ƙasar Sabon Birni. Damina ta ɗauke, gulbi ya ja baya ya bar tafkuna cike da bado, kirinjijiya kuma sun sauka garke guda a bakin ruwa. Kowacce da farar fuska, baƙar ƙeya da jan ƙirji. Amma duba tsakiyarsu. Ga wata can, tsayinsu ɗaya, dogon wuya iri ɗaya, dogayen ƙafafu iri ɗaya, sai dai ko ɗigon fari babu a fuskarta. Daga kai har ciki launin ƙasa ne mai haske. Ba mai tsangwamar ta, ita ma ba ta nuna baƙunta. To, wace ce?

Mai gaggawa zai ce ai mace ce, tunda a tsuntsaye namiji ya fi ado. Wannan magana ta ci a kan zakara da kaza, amma a gidan kirinjijiya miji da mata tufafinsu ɗaya, har kwanci ma karɓa-karɓa suke yi. Sai a sake lale.

Ko laka ce ta ɓata mata fuska? Zato ne mai ƙafa, domin kirinjijiya takan cusa kai cikin taɓo har farin ya dafe. Amma laka ba ta goge baƙar ƙeya, wannan kuwa ƙeyarta ba baƙa ba ce, wani siririn layi ne kawai mai duhu ya gangaro ta bayan wuyanta.

Wani zai ce daga Turai ta zo. Gaskiya ne, akwai ƙananan agwagin da kan gudo wa sanyin can su sauka a fadamun Rima da na Haɗeja da Nguru da kaka. Su kuwa gajeru ne, wuya gajere, ƙafa gajeriya. Wannan tana tsaye ƙiƙam.

Saura zato ɗaya, kuma shi ya fi haɗari, don yakan kayar da masu ido ma. Kirinjijiya da damina take ƙyanƙyasa, 'ya'yanta kuma ba sa fitowa da farar fuska, toka-toka take zama sai sun girma. Lokaci ya dace, kama ta dace. Har za mu naɗe tabarma, sai ta juya gefe. A haƙarƙarin kirinjijiya, babba ko ƙarama, ƙananan zane ne baƙi da fari a jere, daga sama zuwa ƙasa. A nata kuwa dogayen gashi ne farare, kwance a tsawon jiki daga gaba zuwa baya. Wannan ba 'yar kowa ba ce a garken.

Ta shiga ruwa. Ta nutse. Shiru. Ta ɓullo can gaba.

Sai ga makiyayi da shanu. Garke ya tashi fir!

Yanzu kalli bayansu. Duk kirinjijiya baƙi ne wuluk daga ƙasan baya har wutsiya. Ita kaɗai ce ke ɗauke da wani farin lanƙwasa a gindin wutsiya, kamar jinjirin wata. Sannan kasa kunne. Garken na fito gaɓa uku-uku, siriri, mai tsini. A ƙarƙashinsa akwai wata murya mai ɗan kaushi, gaɓa biyu tak.

Asiri ya tonu. Jinsi ne daban, 'yar'uwar kirinjijiya ta jini, mu kira ta jar kirinjijiya. Masana sun raba su tun tuni: Linnaeus ya yi wa mai farar fuska rajista a 1766, Vieillot kuma ya yi wa wannan a 1816. Nutson da muka gani ma shaida ne. Mai farar fuska ta fi son tattaki a ruwa marar zurfi tana tsintar 'ya'yan ciyawa, ko da yake takan nutse jefi-jefi, jar kuwa nutso sana'arta ce, ga faffaɗan tafin ƙafa da ke taimaka mata. Ina ganin shi ya sa zaman nasu ba rigima: tafki ɗaya ne, amma kowacce da inda ta fi cin abincinta. In kuma ka ga biyu sun fuskanci juna suna gyara wa juna gashin kai da baki, mafi yawa masu farar fuska ne, wannan ɗabi'a tasu ce sananniya.

A Afirka ta Yamma mai farar fuska ta fi yawa nesa ba kusa ba, abin da ya sa ake ɗaukar jar a matsayin bare. Amma in yawon duniya ake magana, jar ce gaba. Mai farar fuska tana Afirka da Madagaska da Kudancin Amurka. Jar tana duk waɗannan, ta ƙara da Indiya da Bangaladash da Meziko, har jihohin Tekzas da Luwiziyana, inda take sheƙa a cikin gonakin shinkafa. Dukansu biyu da dare suke fita kiwo, saboda haka manomin shinkafar fadama ya fi jin su a kan ganin su.