Ko Kun Sani? Man Birki Yana Shan Ruwa

Man birki yana tsotsar ruwa daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, amma da ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100, digiri 140 ma ya ishe shi. A-kori-kurar da ta ɗauko rake daga Makarfi ko Kudan, in direba ya yi ta taka birki, ruwan nan sai ya zama tururi. Tururi kuwa matsuwa yake yi, mai ba ya matsuwa, sai feda ta nutse har ƙasa. Iska ma matsuwa take yi in ta shiga cikin man, shi ya sa bakanike kan sa yaronsa taka feda, shi kuma yana sassauta ɗan notin bayan kowace taya har kumfa ta daina fitowa.