Manning Ko Leaf? Zaɓen Da Ya Raba Makomar Ƙungiyoyi Biyu A Amurka

A ƙasar Amurka akwai wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, amma fa ba irin wanda aka saba gani a nan ƙasar ba ne. Ƙwallon nasu dogo ne mai kama da gwanda, da hannu ake jefa shi, 'yan wasa kuma sanye suke da hular kwano saboda tsananin karo. Yadda ƙungiyoyin ƙwararru na gasar NFL suke ɗaukar sababbin 'yan wasa ma daban ne, domin ƙarfin aljihu ba ya aiki a wurin. Tun 1936, bisa shawarar Bert Bell mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, kowace shekara akan taru a zaɓi matasan da suka fito daga jami'o'i bi da bi, kuma ƙungiyar da ta zo ta kashin baya a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe.

Wannan gata shi ya faɗo wa ƙungiyar Indianapolis Colts a 1998, bayan ta ci wasa 3 kacal cikin 16. Abin da take nema shi ne kwatabak, watau madugun fili, wanda yake karanta tsayuwar abokan hamayya, ya ba da umurni, ya jefa ƙwallo. In aka dace da shi an huta shekara goma ko fiye, in kuwa aka yi zaɓen tumun dare, to koci da manaja su fara haɗa kayansu.

Samari biyu ne a gaba. Na ɗaya Peyton Manning na Jami'ar Tennessee, ɗan Archie Manning wanda ya daɗe yana wa New Orleans Saints wannan aiki. Na biyu Ryan Leaf na Jami'ar Jihar Washington, ƙato mai ƙarfin dantse, wanda ya kai makarantarsa babban wasan Rose Bowl bayan shekara 67 rabonta da shi. Yau kowa yakan ce ai abin a fili yake, alhali kuwa a lokacin kan masana ya rabu. Waɗansu suka ce Manning ya riga ya kai iyakar abin da zai iya, Leaf kuwa ɗanyen ƙarfe ne, in ya sami maƙeri zai wuce shi nesa.

Bill Polian, sabon shugaban Colts, bai tsaya ga ƙarfin hannu kaɗai ba. Shi da koci Jim Mora suka yi ta kallon fina-finan wasannin samarin biyu, suna kuma bin diddigin halinsu. Manning ya gama digirinsa cikin shekara uku, amma ya ƙi gaggawar bin kuɗi, ya ƙara shekara guda yana wa jami'arsa wasa. Da ya zo ganawa da shugabannin Colts, da takardar tambayoyinsa ya zo, har ya zama kamar shi ne yake yi musu jarrabawa. Leaf kuwa ya iso wurin gwajin 'yan wasa da ƙiba fiye da yadda aka san shi, kuma ganawar da aka shirya masa da Mora bai halarta ba.

Ana cikin haka sai San Diego Chargers, wadda take ta uku a layi, ta ga samarin biyu za su wuce ta. Ta ba Arizona Cardinals gurbinta na uku, da zaɓinta na zagaye na biyu, da na zagayen farko na 1999, da 'yan wasa biyu, don kawai ta matsa taki ɗaya. Watau ta biya wannan tsada ne a kan wanda duk Colts ta bari.

Ran 18 ga Afrilu, 1998, a birnin New York, Colts ta kira sunan Manning, Chargers ta ɗauki Leaf, ta ba shi dala miliyan 11.25 kuɗin sa hannu.

Da fari sai aka ga kamar Polian ya yi kuskure. Leaf ya ci wasanninsa biyu na farko, Manning kuwa ya sha kashi huɗu a jere. Amma a wasa na uku, a Kansas City, cikin jifa 15 da Leaf ya yi ɗaya tak ya isa hannun nasa, bayan haka kuma aka ɗauki hotonsa yana daka wa wani ɗan jarida tsawa a ɗakin canza kaya. Daga nan bai sake miƙewa ba. Ya rasa kakar 1999 saboda ciwon kafaɗa, a 2000 Chargers ta ci wasa 1 cikin 16, aka sallame shi, ya bar wasa a 2002 yana da shekara 26. Daga baya shan ƙwayoyin kashe zafi ya kai shi kurkuku a jiharsu ta Montana, ko da yake ya farfaɗo har ya zama mai sharhin wasanni.

Abin da akan manta shi ne Manning ma bai ji daɗin shekararsa ta farko ba. Sau 28 abokan hamayya suka cafe jifansa, Colts ta sake ƙarewa da nasara 3. Duk da haka ba a zaunar da shi ko wasa ɗaya ba, aka bar shi ya koya a fili, kuma wannan haƙuri bai gaza zaɓen kansa muhimmanci ba. A 1999 sai lissafi ya juye, nasara 13, rashi 3. Ya ciyo wa ƙungiyar kofin Super Bowl a Fabrairun 2007, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar sau huɗu yana sanye da rigarta.

A 2011 aikin tiyata a wuya ya hana shi wasa, Colts ta koma ta kashin baya da nasara 2, zaɓin farko ya sake dawo mata. Ta sallami Manning a watan Maris na 2012, ta ɗauki Andrew Luck na Jami'ar Stanford. Shi kuwa ya nufi Denver Broncos, inda ya zama gwarzo karo na biyar a 2013, ya ɗaga kofi na biyu a Fabrairun 2016, sa'an nan ya yi ritaya.