Daren da Inna ta ciji bakin zane

Ni 'yar fari ce, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, balle ta zaunar da ni ta ba ni labarin ranar da ta haife ni. Sai da ƙanwata ta zo goyon ciki a wata na bakwai sannan na tsinci labarin. Ina tsakar gida ina tsinkar zogale, su suna bakin ƙofar ɗaki. Da ƙanwata Inna take magana, amma ta ɗaga murya daidai yadda zan ji.

"Lokacin waccan," in ji ta, ta nuno ni da haɓa, "tun la'asar na ji bayana yana ɗaurewa. Ban faɗa wa kowa ba."

Haka ta ƙarasa daka, ta taya kakarmu kwashe tuwo, ta yi isha'i a daddafe. Da ciwon ya gangaro mara sai ta shige ɗaki ta tura ƙyaure, ta durƙusa, ta rungumi ƙafar gado, ta cusa bakin zane a baki ta cije. Kakarmu ba ta farga ba sai da faya ta fashe, ta jiyo nishi. Kafin yaron da aka aika ya taso ungozoma daga barci, na riga na faɗo a kan tsumma ina tsala kuka. Tsohuwar ta iso ana kiran assalatu, ta ɗaure cibiya da zare ta yanke da reza, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta ɗora tukunyar wanka. "Ko tari ban yi ba," Inna ta rufe zancen, kuma kana ji ka san lambar yabo ce take ɗagawa.

Duk wadda ta tashi a gidan Bahaushe ta san wannan lambar. Haihuwar fari abin kunya ce, kuka a kan gwiwa kuwa abin gori ne da kishiya za ta iya ajiye maki har furfura. Ba na raina juriyar iyayenmu. Akwai ma abin da suka riga likitoci ganewa: durƙuson nan da suke yi yana ba kan jariri hanya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a yau tana ƙarfafa a bar mai naƙuda ta yi zirga-zirga, ta zaɓi yanayin da ya fi mata sauƙi, a kuma bar wadda ta yarda da ita ta zauna kusa da ita. Inda nake da ja shi ne shirun. Inna ta yi shiru ta sauka lafiya domin komai ya zo mata daidai a daren nan, kai ne ya fara gabatowa, ƙugu ya wadata, jini bai ɓalle ba. Da ɗaya ya kuskure, babu wanda zai sani sai gari ya waye.

Naƙuda tana da agogonta. Ciwon da ke zuwa yana lafawa, mahaifa ce ke matsewa tana tura jariri ƙasa, bakinta yana buɗewa sannu a hankali har ya kai santimita 10. Somin-taɓin, wanda mata ke kira naƙudar tsaye, yana iya jan lokaci ba tare da wata illa ba. Amma da zarar ciwo ya kankama, bakin mahaifa ya kai rabin hanya, ga mai haihuwar fari ba a cika wuce awa 12 ba, ga wadda ta saba kuwa awa 10. Daga nan sai yunƙuri, wanda yawanci ba ya wuce awa 3 ga sabon shiga. Mabiyiya ta biyo baya cikin kamar rabin awa. Naƙudar da ta wuni ta kwana ba "zaƙi" ne ya tare hanya ba, kamar yadda tsofaffi ke cewa suna ɗura wa yarinya jiƙe-jiƙe. Alama ce ta cewa mai yiwuwa wani abu ya tokare.

Inna da kanta ta kawo misalin, ba tare da ta lura ba. Ta ambaci wata ƙawarta da aka yi musu aure kaka ɗaya, ta ce ita kwana uku ta yi a kan gwiwa. An ba ta rubutu, an yi tofi, da abin ya ƙi aka ce gishiri ne, aka kira mai aska ta tsaga gabanta. A rana ta huɗu aka ɗauke ta a amalanke zuwa bakin titi. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma tun daga nan fitsari bai sake tsaya mata ba, mijin ya sallame ta kafin shekara ta zagayo. "Ƙaddara," in ji Inna. To, ƙaddara gaskiya ce, amma ga yadda abin yake faruwa. Idan kan jariri ya maƙale a ƙugu, yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Yoyon fitsari ke nan. Yankan gishiri ma da kansa yana huda mafitsara. Ana gyarawa: asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun shekarun 1980, ya ɗinke mata dubbai, akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, akwai ta Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Sai dai tiyatar fitar da ɗa da aka yi a kan kari ta fi duk wani ɗinki da za a yi daga baya.

Wanda ya fi wannan gaggawa shi ne jini. Idan mabiyiya ta fita mahaifa ba ta tsuke ba, jijiyoyin da ta bari a buɗe suna kwarara, kuma mace mai ƙoshin lafiya tana iya tafiya cikin awa biyu. Rabin lita shi ne iyaka, wato abin da bai wuce ledar ruwa ɗaya ba. Allurar oksitosin da ake yi da zarar ɗa ya faɗo, ko ƙwayar misoprostol inda babu allurar, su ke tsuke mahaifa. Sai jijjiga, wadda ake ɗora wa iskoki a yi ta turare ana hayaƙi, alhali hawan jini ne na masu ciki. Tana yin sallama kafin ta shigo: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi. A wurin awo ake kama ta, shi ya sa tun 2016 aka mayar da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a arewa maso yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Binciken ya kuma nuna a duk haihuwa 100,000 ana rasa uwa 512. Ba zan ɗora wa kunya laifin duka ba. Akwai nisa, akwai kuɗin mota da tsakar dare, akwai jiran izinin maigida da ya tafi cin rani. Akwai kuma halin wasu ma'aikatan. Ni kaina na taɓa raka maƙwabciya wani asibiti, tana murƙususu wata ma'aikaciya ta daka mata tsawa tana cewa lokacin da take jin daɗinta da wa ta yi shawara. Matar da aka yi wa haka, da wuya ka sake ganin ƙeyarta a ɗakin haihuwa, kuma za ta gaya wa mata goma.

Abin da Inna ta fi tunawa da daɗi shi ne jego: wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma har kwana arba'in, ƙauri, gasasshen nama da yaji, kunun kanwa cike da kwano. Hutun da kulawar babu kamarsu. Kanwar ce da zafin suke son rangwame, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura yawansu yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. Dakashin da aka matse wa Inna aka zubar kuwa, ana cewa dauɗa ce, shi ne rigakafin farko na jariri.

Ƙanwata ta fara nata ciwon wata ranar Talata da hantsi, kuma ba ta ɓoye ba, don na riga na ja mata kunne cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka tafi asibiti da jakar da muka haɗa tun wata na takwas. Muna zaune a benci a waje muna jiyo ta tana kiran Inna da iyakar muryarta, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya, carbi yana gudu a hannunta. Bayan la'asar wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce an samu mace, jini ya ɗan so ya yi gardama amma an tsayar da shi. Inna ta sauke mayafin, idanunta jawur. "Yaran yanzu ba su da ta ido," ta ce. Sannan ta juyo wajena, ba ta kira sunana ba, ta ce, "Ke, tashi ki tambayo ko za su bari in shiga."