Yadda Ake Yi Wa Ƙananan Sojojin Wasan Tebur Fentin Koren Sulke

Masu yawan leƙa YouTube da TikTok ba za su rasa cin karo da bidiyon wani riƙe da ɗan mutum-mutumin soja, wanda bai kai tsawon yatsa ba, yana shafa masa fenti da siririn buroshi. Waɗannan su ne sojojin wasan yaƙi na kan tebur. Wanda ya fi shahara shi ne Warhammer 40,000, da kamfanin Games Workshop mai hedikwata a Nottingham ta Ingila ya fitar a 1987. Ana sayar da sojojin ba fenti, mai wasa ne zai harhaɗa su ya ba su launi. Rundunoni biyu a wasan an san su da koren sulke: Dark Angels masu kore mai duhu, da Salamanders masu kore mai haske.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya lafta kore ɗaya mai kauri lokaci guda. Fentin zai cike ƙananan layukan sulken, sojan ya koma kamar dunƙulen sabulu, kuɗi kuma sun tafi. Kore ba ya yin kyau sai an gina shi hawa-hawa.

Shimfiɗar farko

Zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu an yi shi ne a jikin dutse. Roba kuwa santsi gare ta, fenti ba ya zama a kanta. Don haka ana fara wanke sojan da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe, sannan a fesa masa fentin shimfiɗa. Baƙar shimfiɗa ta fi dacewa da kore mai duhu, toka-toka ko fara kuma da kore mai haske.

Hawa uku na kore

Fentin akirilik ake amfani da shi, wanda ake tsinka shi da ruwa har ya yi kaurin madara.

1. Gindi: a shafa kore mai duhu sau biyu ko uku, siriri-siriri, kowane shafi ya bushe kafin na gaba.
2. Inuwa: a tsinka launi mai duhu sosai da ruwa, a bar shi ya gangara cikin lunguna da mahaɗar sulke. Ɗigon shuɗi mai duhu ko ja a cikin kore ya fi baƙi zalla ba da inuwa mai rai.
3. Haske: a ja siririn layi a kan kaifin gefunan sulke da gefen buroshi, ba da tsininsa ba. A nan rawaya ake ƙara wa kore. Fari yana kashe shi, ya mai da shi kamar alli.

Matsalar iska da zafi

A Birnin Kudu da Gwaram, lokacin hunturu da bazara, akirilik kan bushe a bakin buroshi tun kafin ya isa jikin soja. Maganin ba ya buƙatar kuɗi: a samu robar abinci mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, a ɗora takardar gashin kek a kai, a riƙa zuba fentin a kanta. Danshin da ke ratsowa daga ƙasa zai hana shi bushewa. Sojan da aka gama shafawa kuma a kife masa kofi saboda ƙura.

Rawar da waya ke takawa

Kyamarar waya ita ce alƙalin aikin. A ɗauki hoto a inuwa da rana, farar takarda a baya, ba tare da filasha ba, sannan a zuƙo hoton a ga inda layi ya karkace. Yana da kyau a kashe yanayin AI na kyamara, domin wasu wayoyi kan ɗauki kore a matsayin ganye su ƙara masa ƙarfi. Wata dabarar ita ce mai da hoton baƙi da fari: idan hawa ukun ba su bambanta ba, to inuwa ko hasken bai isa ba.

Sojojin kamfani suna da tsada, kuma daga waje ake odarsu. Wanda ke son koyo gara ya fara da sojojin roba na wasan yara, ko mahayin doki na laka mai lifidi irin na hawan salla. Idan hannu ya faɗa a kan waɗannan, sai a taɓa mai tsada.