Darasin da Ƙasar Sunke ta Koya Mana

A shekarar 2010 gubar dalma ta afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Sunke, Dareta, Abare da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma. Ana daka su, ana niƙa su a tsakar gida, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara ke rarrafe a kai, su kuwa su kai hannu baki. Likitocin MSF suka yi jinyar waɗanda suka kamu, aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

'Yan'uwa, yaron ƙauye a ƙasa yake wuni, saboda haka firamarensa ita ce wurin da zai san ƙasar. Allo kaɗai bai isa ba. Malam ya fito da yara bayan aji, ya nuna musu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa. Daga nesa ya nuna musu inda ake niƙa dutse, ya bayyana dalilin da ba a wasa a wurin, da dalilin wanke hannu kafin a ci abinci.

Littafin Farawa, sura 2, ya koya mana cewa amana aka ba Adamu gonar Adnin. Malaman makarantar Lahadi, ku ma ku fito da yaranku waje.